Maigida yana so mu maida gidajenmu da sunan kamfani, dan Allah masu sani ku ba ni shawara

Maman Yara Huɗu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abubuwanku ban taɓa sa baki ba sai yau da tunani ya yi min yawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati nan Kaduna, maigida kuma ɗan kasuwa ne yana harkar kayan gini, tayil da fenti da su famfo. Shekararmu 17 da aure, yarana huɗu, uku mata sai auta namiji, sannan yana da babban ɗa namiji da matarsa ta farko da suka rabu tun kafin in shigo, yaron a hannuna ya tashi kuma wallahi ba ni da wata matsala da shi.

Abin da Allah ya hore mana shi ne gidan da muke ciki, sai wani gini na haya mai shaguna shida a ƙasa da falat biyu a sama, sai kuma fulotin da na gada wajen babanmu a Zariya. Gidan da muke ciki C of O ɗinsa, wato takardar shaidar filin daga gwamnati, sunan maigida ne shi kaɗai amma gaskiya da kuɗina a ciki sosai, lokacin da aikin ya tsaya a linta ni na sayar da sarƙata ta gwal da awarwaro, na kuma ci bashin kofaratif aka yi shekara uku ana cira a albashina, da shi aka yi rufi da wayarin da silin. Ginin hayar ma shi ya sayi filin amma adashina biyu suka shiga. Ba mu taɓa rubuta komai ba saboda tsakanin mata da miji wa yake tunanin takarda a lokacin.

Toh yanzu wani abokinsa ya ba shi shawara, ga kuma bidiyoyin Turawan Amurka da yake ta kallo a YouTube, wai mu buɗe kamfani irin mai Ltd a ƙarshen suna mu maida duka kadarorin nan da sunan kamfanin, har da fulotina na Zariya, shi ya riƙe kashi 60 ni kashi 40. Dalilinsa shi ne yana karɓo kaya bashi daga Legas, in kasuwa ta juya masu bin bashi ba za su taɓa gidajen ba, na biyu wai in ɗayanmu ya rasu ba za a zo ana yanka gida ana sayarwa don rabon gado ba, na uku banki zai fi saurin ba kamfani rance. Ni dai na san mijina ba cuta ta yake son yi ba, shi da kansa yake cewa yana so a san ina da haƙƙi a ciki tun yana raye. Amma zuciyata ta kasa kwanciya, musamman filin babana. Dan Allah lauyoyi da malamai da duk wanda ya taɓa yi, yaya abin yake, nawa yake ci, kuma in mutuwa ta zo ko Allah ya kiyaye rabuwa, ina matsayina?

Lauyan Filaye

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka wa maigida da alheri da ya yi tunanin haƙƙinki, da yawa ba sa yi sai an zo gaban alƙali ana kuka. Amma zan faɗa miki gaskiya tun farko, in ni ne lauyanku ba zan bari ku zuba duka ukun a kamfani ɗaya ba, kuma gidan da kuke kwana a ciki ba zan sa shi ba sam.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne kamfani a idon doka mutum ne daban, ba ke ba ce ba shi ba ne. Ranar da aka gama maida gida sunan kamfani, daga ranar ke da maigida ba ku da gida, abin da kuke da shi hannun jari ne a kamfanin da yake da gida. Wannan bambancin shi ne amfanin abin kuma shi ne haɗarinsa. Ki kula kuma kar a yi muku rajistar sunan kasuwanci kawai a ce an buɗe muku kamfani, wancan ba mutum ba ne a doka, ba ya mallakar fili da sunansa, ba ya kare kowa daga bashi.

Buɗe kamfanin shi ne mai sauƙi. Dokar kamfanoni ta CAMA da aka sa wa hannu a watan Agusta 2020 ta sauƙaƙa abin, mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, ko mutum ɗaya ma zai iya buɗewa, a intanet ake yi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Inda aikin yake shi ne ɗauke filin daga sunan mutum zuwa sunan kamfani. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, C of O ɗin nan izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 in gidan zama ne, kuma sashe na 22 ya ce ba ka da ikon sallama wa wani ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba tare da ita ba banza ne. Ba wasa ba ne, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jingina sukutum saboda rashin wannan amincewar. Mutane suna ɗauka tunda kamfanin nawa ne ai daga aljihun dama ne zuwa na hagu, a'a, doka tana kallonsa kamar ka sayar wa baƙo. Sai lauya ya rubuta takardar sallamawa, a kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, tunda a Kaduna kuke, a Kano KANGIS ne a Abuja kuma AGIS da amincewar ministan birnin tarayya, a biya kuɗin amincewa da kuɗin kan sarki da kuɗin rajista, in akwai bashin harajin ƙasa na shekarun baya duk sai an biya, kuma ana lissafa waɗannan kuɗaɗen ne a kan darajar da ma'aikatan suka yi wa kadarar, ba abin da kuka rubuta ba. Gini mai shago shida da falat biyu ba ƙaramin kuɗi zai ci ba, shi ya sa nake cewa kafin ku biya ko sisi na rajistar kamfani ku fara zuwa a yi muku lissafin wannan.

Sai haraji. Ko ba a ba ku ko kwabo ba, in mutum ya miƙa kadara ga kamfanin da shi ke juya shi ana ɗauka kamar ya sayar a farashin kasuwa ne, sai a nemi harajin ribar da ke tsakanin yadda ya saya da darajar yau. A da kashi 10 ne, amma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025 ta fara aiki a Janairu 2026 ta canza lissafin, hukumar haraji ta tarayya FIRS ma ta koma NRS, don haka ku zauna da akanta ya buga muku da sabuwar dokar. Bayan nan kuɗin haya ya zama na kamfani, a asusun kamfani zai shiga, in kuna so ya dawo aljihunku a matsayin ribar hannun jari ana cire kashi 10. Duk shekara sai kun shigar da bayanan shekara a CAC da na haraji ko an samu riba ko ba a samu ba. Kuma kamfanin da ya rubuta harkar gidaje a cikin ayyukansa banki zai nemi satifiket ɗin SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata.

Maganar kariya daga bashi kuma, rabi gaskiya ce. In gidajen suna kamfani, mai bin maigida bashin tayil ba zai zo kai tsaye ya sa a yi gwanjon gidan ba, amma hannun jarin maigida dukiyarsa ce, kotu za ta iya bin ta. In kuma an riga an ci bashin sannan aka ruga aka ɓoye kadara a kamfani don a guje wa masu shi, kotu tana da ikon warware wannan sallamawar. Banki kuma in zai ba ƙaramin kamfani rance, zai riƙe C of O ɗin ne jingina sannan ya sa daraktoci su sa hannu da kansu cewa in kamfani ya gaza su za su biya, kin ga garkuwar ta tafi kenan. Wanda ya fi damuna shi ne in an haɗa gidan kwana da shaguna a kamfani ɗaya aka ci bashi da sunan kamfanin aka zuba a kasuwa, ranar da abu ya lalace har ɗakin da yaranki suke kwana yana cikin abin da za a kama. A nawa ganin abin da ya fi buƙatar zama kamfani shi ne kasuwancin kayan ginin kansa, shi ne mai haɗarin, a killace shi can, gidan zama ya tsaya a waje.

Abu na ƙarshe da ya shafe ki ke kaɗai Hajiya, kin ce ma'aikaciyar gwamnati ce ke. Ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ta hana cikakken ma'aikaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa in ba noma ba. Za ki iya mallakar hannun jari, ki bayyana shi a fom ɗin kadarori, amma zama darakta matsala ce. Ma'ana kashi 40 a hannunki, ba kya cikin daraktoci, ba ki da sa hannu a banki. Ki yi tunani a kan wannan da kyau.

Uwargida Tudun Wada

Yar'uwa ni ba lauya ba ce amma dan girman Allah ki bar filin babanki inda yake. Abin da kika gada naki ne ke kaɗai, ko sadakinki ma Musulunci bai ba miji iko a kai ba balle gadon uba. Ba wai mijinki mugu ba ne, a'a, rai ne ba a hannunmu yake ba, yau kuna lafiya gobe ba ki san da wa za ki zauna a tebur ana lissafi ba. Kuma tun yanzu ki nemo takardun kofaratif ɗin nan da suka nuna ana cire miki kuɗi, da rasit ɗin kwano in akwai, ki adana su wuri mai kyau.

Ɗalibin Ilimi

Bismillah. Barista ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, ni ɓangaren gado zan taɓa saboda nan ne na ga an fi yi wa Alhaji gurguwar fahimta. Kamfani ba ya hana gado. Abin da yake canzawa kawai shi ne maimakon a raba ɗakuna sai a raba hannun jari, amma rabon Allah yana nan yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12, ba wata takardar CAC da za ta ɗaga shi.

Bari mu buga lissafi Hajiya ki gani da idonki. A ce hannun jarin kamfanin guda 1,000,000 ne, Alhaji 600,000 ke 400,000. In Allah ya karɓi ransa ya bar ki da yara, naki 400,000 ba a taɓa shi ba, a cikin nasa kina da tumuni, ɗaya bisa takwas, wato 75,000, in mahaifiyarsa tana raye tana da sudusi, ɗaya bisa shida, 100,000, ragowar 425,000 a raba wa maza biyu da mata uku, namiji rabon mata biyu, kowace mace ta tashi da wajen 60,700 kowane namiji wajen 121,400. Kin ga kin koma 475,000, ba ki kai rabi ba ke kaɗai. Rabon mahaifiyarsa kuma ranar da ta rasu zai gangara ga nata magadan, wato 'yan'uwan Alhaji sun shigo kamfanin kenan. Ba laifi ba ne, haƙƙinsu ne, amma a san haka abin yake tun yanzu.

Yanzu duba filin Zariya. Yau naki ne ɗari bisa ɗari, in kin rasu mijinki yana da rubu'i, iyayenki in suna raye da nasu, saura na yaranki huɗu, babban ɗan Alhaji ba ya gadonki duk da ke kika raine shi. Amma ranar da kika zuba filin a kamfanin da kike da kashi 40, kin kyautar da kashi 60 na filin mahaifinki kenan, kuma zai bi layin gadon Alhaji. In kin yi haka da saninki da yardarki halal ne, mace tana da ikon dukiyarta, amma kar ya faru a cikin rashin sani.

Sai maganar 60 da 40 ɗin kanta, daga ina aka samo ta? In an zauna an lissafa abin da kowa ya zuba ne aka ga haka ya kama, to wannan tarayya ce, kowa ya karɓi nasa, babu magajin da zai yi magana. In kuma abin da kika zuba bai kai haka ba Alhaji ya ƙara miki, ƙarin kyauta ce, kuma kyauta a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, ba a ciwon ajali ba. Malamanmu ma sun yi magana a kan gidan zama musamman, in mace ta ba mijinta gidan da suke ciki kyautar ta yi, amma in miji ne ya ba matarsa kuma ya ci gaba da zama a ciki hauzi bai tabbata ba, saboda dama shi ke da nauyin ba ta wurin zama. Da yawa an rasa gida a kotu ta wannan ƙofar, mace tana cewa ai ya ba ni, magada suna cewa a ciki ya rasu. Shi ya sa ni a ganina abin da ya fi miki ƙarfi shi ne a rubuta gaskiyar abin da ya faru, cewa kuɗinki kaza ya shiga ginin nan, ko a matsayin tarayya ko a matsayin bashi, da shaidu adilai. Bashi ana fitar da shi kafin a raba gado, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

In kuma Alhaji yana tunanin sa wa yara hannun jari tun yanzu, ya yi adalci har da babban, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Allah ne mafi sani.

Ɗan Kwari

Hajiya ni abin ya faru a gidanmu ne shi ya sa zan yi magana. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya sa gidaje uku da wani sito a sunan kamfani tun muna yara, shi da ƙaninsa ne daraktoci, mu ba mu ma san haka takardun suke ba sai bayan rasuwarsa da aka buɗe akwati. Mu yaran 14 ne. Aka je kotun Musulunci alƙali ya raba mana a takarda lafiya lau kowa ya san kasonsa, amma da aka zo sayar da gida ɗaya don a sallami waɗanda suke buƙatar kuɗi sai lauyan mai saye ya ce ai gidan ba na marigayi ba ne na kamfani ne, sai kamfani ya sayar, kamfani kuma an yi shekaru ba a shigar da bayanan shekara ba tara ta taru, darakta ɗaya ya rasu ɗayan ya tsufa ba ya son sa hannu a komai, sannan sai an fara maida hannun jarin sunan magada ɗaya bayan ɗaya. Da rigima ta tashi tsakaninmu a kan wa zai zama darakta aka ce mana wannan ba hurumin alƙalin da ya raba gadon ba ne, rigimar cikin kamfani Babbar Kotun Tarayya ake kaiwa, wani sabon lauya wani sabon kuɗi. Shekara huɗu muka yi a haka, ƙannena mata biyu aka yi musu aure da bashi alhali ga dukiyar ubansu a tsaye.

Amma don Allah kar a ce na ce abin ba shi da amfani. Yanzu da muka gyara, siton da gida biyu suna nan ba a yanka su ba, haya tana shiga asusu ɗaya, ƙarshen shekara a cire gyara da haraji da zakka in ta kai a raba kowa ya ji alat, wanda yake son fita ya sayar wa ɗan'uwa kasonsa ba tare da an je neman amincewar gwamna ba tunda sunan da ke kan C of O bai canza ba. Da a sunan Baba suke da tuni an sayar an cinye. Abin da na koya dai shi ne kamfani kamar mota ne, in ba a yi masa sabis duk shekara zai tsaya maka a inda ba ka so. In kun san ba za ku iya riƙe akanta da lissafi ba, kuna karɓar kuɗin haya a hannu ana cefane da shi, to ku bar shi kawai. Kuma ku yi wa ginin inshora ko takaful wato inshorar Musulunci, gobara ba ruwanta da sunan da ke kan takarda.

Baƙo Daga Texas

Salam. Ina zaune a Amurka shekaru da dama kuma ina da gidan haya a LLC, wato irin kamfaninsu na nan mai kama da Ltd, bari in ce wani abu a kan bidiyoyin da Alhaji yake kallo. Abin da suke faɗa na tsarinsu ne. A nan mutum yana mallakar ƙasa kai tsaye, ba gwamnan da za ka nemi amincewarsa, takarda ce za a rubuta a sa hannu gaban mai shaida a kai ofishin gunduma a yi rajista. Sannan LLC ɗinsu a ƙa'ida ba ya biyan harajin tarayya da kansa, ribar tana wucewa kan masu shi ne, ba kamar Ltd na gida ba. Kuma babban abin da suke tsoro shi ne ɗan haya ya faɗi a matakala ya kai ƙara ya nemi diyya mai yawa, shi ya sa suke yi.

Duk da haka ko a nan masu hankali ba sa sa gidan da suke zaune a ciki. In akwai bashin banki a kan gidan, yawancin yarjejeniyoyin suna da sharaɗin cewa in ka canza mai shi banki zai iya neman kuɗinsa gaba ɗaya, dokar 1982 da ta kare wasu canje-canje kamar tsakanin mata da miji ba ta haɗa da LLC ba. Za ka iya rasa rangwamen harajin gidan zama, a wasu jihohin kuma akwai kariya ta musamman ga gidan da mata da miji suka mallaka tare wadda take faɗuwa da zarar an maida shi kamfani. Toh in su da suka ƙirƙiro abin suna ware gidan kwana, mu ma sai mu duba.

Maman Yara Huɗu

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi har hawaye na yi da na ga lissafin Malam saboda ban taɓa kallon filin Baba ta wannan fuskar ba. Jiya da daddare na nuna wa maigida duka amsoshin nan ya karanta da kansa, bai ji haushi ba, ya ce filin Zariya a cire shi dama shi bai yi tunanin haka ba, gidan zama ma a bar shi, zai fara maida shagonsa kamfani tukuna sannan mu je a yi mana lissafin ginin hayar mu gani ko za mu iya. Na kuma samo takardun kofaratif ɗina duka.

Barista saura tambaya biyu dan Allah. In mun bar gidan zaman a waje, yaya za a yi sunana ya shiga takardarsa, shi ma sai an je wajen gwamna? Sannan in mun sa ginin hayar a kamfani, tunda ba zan zama darakta ba me zai hana a sayar ko a jinginar ban sani ba, ba shi nake zargi ba, ina maganar ko bayan ransa ne.

Lauyan Filaye

Madalla Hajiya, Allah ya ƙara haɗa kanku. Ta farko, eh, sa sunanki a gidan sallama wani kaso ne na haƙƙin da ke cikin C of O, don haka ita ma sai ta bi ta amincewar gwamna da rajista. In kuɗin bai samu yanzu ba, ku fara da abin da Malam ya faɗa a wannan satin, takarda ɗaya da lauya zai tsara, maigida ya amsa cewa kuɗinki kaza ya shiga ginin kuma kina da kaso kaza, ku sa hannu, shaidu biyu su sa, zai fi kyau a samu ɗaya daga danginsa, babban ɗan ma in ya kai shekara 18 a kira shi ya ji da kunnensa, a buga mata kan sarki, kowa ya riƙe kwafi. Ba ta kai rajista ƙarfi ba amma hujja ce babba. Ranar da za a yi ta gaba ɗaya kuma kar a rubuta Alhaji da Hajiya wane, a rubuta cikakken sunanki da na mahaifinki kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, a kuma faɗi kason kowa ƙarara, in ba haka ba wani zai iya fassara ta da cewa wanda ya rage a raye shi ya kwashe duka, wanda ya saɓa wa rabon gado kuma rigima ce da magada.

Ta biyu, maganin yana cikin kundin dokokin kamfanin, kar ku karɓi wanda ake cikewa a intanet haka nan ku wuce. A ƙa'ida mai fiye da rabin ƙuri'a yana iya cire darakta ya naɗa wani, manyan shawarwari kuma suna buƙatar kashi 75, kin ga da kashi 40 kina iya tare manyan amma ba kya iya tare na yau da kullum. Dokar 2020 ta yarda kamfani mai zaman kansa ya rubuta cewa ba za a sayar da kadarar da ta wuce rabin dukiyarsa ba sai duk masu hannun jari sun yarda, kuma wanda zai sayar da kasonsa sai ya fara tallata wa na ciki. Ku sa wannan, ku ƙara da cewa jingina da cin bashi da sunan kamfani ma sai da sa hannunki a rubuce, da cewa kina da ikon naɗa darakta ɗaya daga ɓangarenki, wani ɗan'uwanki da kika yarda da shi wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, yara 'yan ƙasa da 18 ba sa zama darakta. Ku rubuta yadda za a yi wa ginin kuɗi da wanda zai sayi kason wani in an rabu, da wa zai riƙe kamfanin in ɗaya ya rasu kafin a gama rabon gado. Kason kuma a fitar da shi daga lissafin adashinki da kuɗin filinsa da abin da kowa ya zuba, mai kimanta gidaje ya yi wa ginin daraja a rubuce kafin a raba hannun jarin.

Filin Zariya kuma in takardar rabon gado ta kotu ce kawai a hannunki, ki je KADGIS da ita ki fara neman C of O da sunanki.